Idan 'yan sandan Amurka sun ɓalle ƙofar da ba ita ba, wa ke biya?

Da maraicen ranar 21 ga Fabrairun 2019, Anjanette Young ta dawo daga aiki, ta shige ɗakinta a birnin Chicago, ta tuɓe za ta sauya kaya. Ba ta kai ga ɗaukar riga ba sai ta ji an rugurguza ƙofar gidan da gungumen ƙarfe. Kafin ta ankara ƙarti wajen goma sha biyu sun cika mata falo, bindigogi a saitinta, fitilu na haska ta, ita kuwa tsirara haihuwar uwarta. A haka aka juya hannayenta baya aka danna mata ankwa. Wani ya yafa mata 'yar riga da ba ta rufe gabanta ba, daga baya aka yafa mata bargo, shi ma yana ta zamewa, ga hannu a ɗaure babu halin kamawa. Tana kuka tana faɗa musu sun yi ɓatan gida, ita kaɗai ke zaune a nan. Waɗanda suka bi bidiyon kyamarorin da ke manne a ƙirjin 'yan sandan sun ƙirga, sau 43 ta maimaita wannan magana. Gaskiya kuma ta faɗa. Wanda suke nema yana wani gida nan kusa, har da na'urar bibiya ta hukuma ɗaure a jikinsa, wato da an tsaya an bincika a ofis da an san inda yake.

Kusan shekara biyu jama'a ba su ga bidiyon ba. Da gidan talabijin na CBS a Chicago ya same shi, lauyoyin birnin suka garzaya kotu a hana nunawa, ba su yi nasara ba, aka nuna shi a Disambar 2020. Magajiyar garin ta lokacin, Lori Lightfoot, ta fito ta ba da haƙuri. A Disambar 2021 majalisar birnin ta amince a biya Young dala miliyan 2.9.

Irin wannan adadi ne ke iso mu a labarai: miliyan 12 ga iyalan Breonna Taylor, wadda 'yan sanda suka harbe har lahira a gidanta a Louisville, miliyan 8.25 ga iyalan Aiyana Stanley-Jones, yarinya 'yar shekara 7 da harsashin ɗan sanda ya same ta tana barci a kan kujera a Detroit a 2010. Mai sauraro sai ya girgiza kai ya ce, to, can dai ko an zalunce ka akwai inda za ka kai kuka. Akwai ɗin, ban musa ba. Sai dai duka kuɗaɗen nan uku babu wanda alƙali ya yanke hukuncin a biya. Sulhu aka yi bayan ƙura ta tashi, aka ɗebo daga aljihun jama'a. Wanda nasa samamen bai shiga talabijin ba, ya ce zai bi ta kotu ƙafa da ƙafa, hanyar da ke gabansa daban ce, ita kuma nake so mu bi daki-daki.

Inda haƙƙin ya samo asali

Gyara na huɗu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana hukuma binciken mutum ko gidansa ko takardunsa ba tare da dalilin da hankali zai ɗauka ba. Ya kuma ce ba za a ba da sammacin bincike ba sai an kawo ƙwaƙƙwarar hujja a kan rantsuwa, an fayyace wurin da za a bincika da abin da za a ɗauko. Tushen ma ya girmi Amurka. Tun a 1604 wata kotun Ingila ta ce gidan mutum ganuwarsa ce, ko jami'in sarki ne ya zo, sai ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya nemi a buɗe masa, kafin ya taɓa ƙofa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wanda ya tashi a garin da ake rubuta "ba a shiga" a bakin zaure, ake tsayawa a yi sallama har sau uku in ba a amsa ba a juya, ya san faɗa wa mutum cikin gida keta haddi ne tun kafin a taɓa jikin kowa.

Amma haƙƙin da ke rubuce ba ya kai kansa kotu, sai an yi masa hanya. Dokar da ta ba talaka damar maka jami'in gwamnati a kotun tarayya an yi ta ne a 1871, bayan yaƙin basasa, lokacin da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan ke kashe baƙar fatar da aka 'yanta a jihohin kudu, hukumomin yankin kuma sun kau da kai, wasu ma da hannunsu a ciki. Yau ana ce mata Sashe na 1983 (lambar sashe ce, ba shekara ba). Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne, duk wanda ya fake da ikon hukumar jiha ya tauye wa wani haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, ana iya ƙararsa ya biya diyya. Kusan shekara 90 dokar ta yi tana barci, jefi-jefi ake jin wani ya taɓo ta.

Samamen gida ne ya tashe ta. Da asubahin wata rana a Oktoban 1958, 'yan sandan Chicago su 13 suka faɗa gidan wani baƙar fata mai suna James Monroe, mai 'ya'ya shida, babu sammaci ko ɗaya a hannunsu. Bisa ƙarar da ya shigar, sun tsayar da shi da matarsa tsirara a tsakiyar falo, suka zazzage durowa, suka farke katifu, sannan suka tafi da shi caji ofis suka tsare shi awa goma suna titsiye shi kan wani kisan kai, ba lauya, ba waya zuwa gida, daga ƙarshe suka sake shi ba tuhumar komai. Hujjar 'yan sandan a kotu ita ce, tunda abin da ake zarginsu da shi ya saɓa wa dokar jihar Illinois kanta, ai ba da ikon hukuma suka yi ba, saboda haka dokar 1871 ba ta hau kansu ba. A 1961 Kotun Ƙoli ta yi fatali da wannan dabara. Wanda ya shigo maka gida da sunan ɗan sanda, da ikon hukuma ya shigo, ko ya bi doka ko ya taka ta. Daga nan ƙararraki suka fara kwarara. Abin da ke damuna duk sanda na jera labarin Monroe da na Young shi ne, gari ɗaya ne, cin mutunci iri ɗaya ne, tsakaninsu kuwa shekara sama da 60.

A 1971 kotun ta buɗe irin wannan kafa a kan jami'an tarayya, nan ma a sanadin samamen gida, na Webster Bivens, wanda jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka sa wa ankwa a gaban matarsa da 'ya'yansa a Brooklyn a 1965. Wannan kafar, kotun da kanta ta yi ta matse ta tun daga shekarun 1980, har ta kusa toshewa da wani hukunci na 2022. A 1978 kuma aka yarda a yi ƙarar birni ko gunduma kanta, amma da sharaɗi mai nauyi. Bai isa ka nuna ma'aikacinsu ne ya yi ɓarnar ba, sai ka tabbatar cewa tsarin hukumar ne, ko wata al'ada da ta zauna mata daram, ta haifar da ita. Kamfanin da direbansa ya buge mutum yana bakin aiki, kamfanin ke biya. Birnin da ɗan sandansa ya harbi mutum a kan gado, a ƙarƙashin wannan doka, yana iya zamewa ya ce ba shi ya aike shi ba. A riƙe kuma cewa duk wannan maganar diyya ce. Gurfanar da ɗan sanda don a ɗaure shi aikin lauyoyin gwamnati ne, wanda aka zalunta ba shi da ta cewa a ciki.

Shinge biyu

Shingen farko da mai ƙara zai tsallake shi ne ya nuna ƙarfin da aka gwada masa ya wuce kima. Ma'aunin da kotuna ke bi an kafa shi a 1989, a shari'ar Dethorne Graham, mai ciwon sukari da 'yan sandan Charlotte suka ɗauka maye yake yi suka jijji masa ciwo. Kotun Ƙoli ta ce ba za a duba niyyar ɗan sanda ba, kyakkyawa ce ko mummuna. Tambaya ɗaya ce: jami'i mai hankali da ke tsaye a wurin a daidai wannan lokaci, zai iya yin haka? A duba girman laifin da ake zargi, da ko mutumin barazana ne nan take, da ko yana turjiya ko neman gudu. Ta kuma ja kunnen alƙalai kada su yi hukunci da idon wanda ya riga ya san yadda abin ya ƙare, domin ɗan sanda yakan yanke shawara ƙiftawa da bismilla.

Jan kunnen yana da gaskiyarsa. Shiga gidan da ba ka san abin da ke bayan ƙofa ba, a ƙasar da bindigogin hannun jama'a suka fi jama'ar yawa, ba wasa ba ne. Wani bincike da jaridar New York Times ta wallafa a 2017 ya gano cewa tsakanin 2010 da 2016 aƙalla farar hula 81 da jami'ai 13 ne suka mutu a samamen ɓalle ƙofa. Su ma suna da mata da 'ya'ya.

Amma dubi abin da wannan ma'auni ya halatta a cikin gida. Iris Mena tana barci a gidansu a jihar California dakaru masu rufe da fuska suka tashe ta da bakin bindiga, suka sa mata ankwa, suka ajiye ta a gareji awa biyu zuwa uku suna neman makaman wani mutum daban. Ba a zarginta da komai. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ba ta dala 60,000, sai Kotun Ƙoli a 2005 ta ce ɗaure mutanen gida lokacin neman makamai bai saɓa wa tsarin mulki ba. A 2007 kotun ta wanke jami'an gundumar Los Angeles da suka je neman wasu baƙar fata waɗanda suka tashi daga gidan tun wata uku da suka wuce, suka tarar da mace da namiji farar fata a gado, suka tsayar da su tsirara na minti ɗaya zuwa biyu. Ita kuma sallamar da aka gada tun 1604, a 1995 kotun ta amince tana cikin tsarin mulki, a 1997 ta ce ana iya tsallake ta idan akwai dalilin zargin haɗari ko ɓatar da shaida, a 2003 kuma ta ce daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa jira a binciken ƙwaya. Mutumin da aka yi wannan shari'a a kansa yana banɗaki yana wanka aka karya ƙofar. Daƙiƙa 20, ko dattijon da ke zaune a falo da ƙyar zai lalubo takalminsa.

Hukuncin da na fi ganin ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne na 2006, a shari'ar Booker Hudson na Detroit, inda 'yan sanda suka jira daƙiƙa uku zuwa biyar kacal. Ƙa'idar Amurka ita ce, shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya ba a karɓarta a kotu, wannan ne ke sa ɗan sanda taka-tsantsan, tunda in ya karya doka shari'arsa ta rushe. Alƙalai biyar cikin tara suka ce wannan ƙa'ida ba ta shafi ƙin yin sallama ba. Ɗaya daga cikin dalilan da Mai shari'a Antonin Scalia ya kawo shi ne, ai tsoron ƙarar diyya ya isa ya tsawata wa 'yan sanda. Mai shari'a Stephen Breyer, wanda ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ya amsa cewa ba a kawo masa ko da shari'a ɗaya ba inda wani ya samu diyyar kirki saboda ƙin sallama kawai. To kun ga an jingina kariyar gidan mutum gaba ɗaya a kan ƙarar diyya, alhali kotun da ta jingina ta ita ce ke ta ƙara wa ƙarar shinge. Tufka da warwara ke nan.

Shinge na biyu shi ne wanda ya fi jawo ce-ce-ku-ce. Sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa rigar kariya, amma ba irin ta gwamnoninmu ba da ke tuɓewa ranar sauka daga mulki. Babu ita a rubutun dokar 1871, Kotun Ƙoli ce ta ɗinka ta a 1967, ta kuma sake mata fasali a 1982. Ma'anarta, ko da an tabbatar ɗan sanda ya tauye maka haƙƙi, ba zai biya ba sai in haƙƙin ya riga ya fito fili ƙarara a lokacin. A aikace, kotuna da yawa suna fassara wannan da cewa sai lauyanka ya nemo tsohon hukunci mai kama da naka sosai, inda aka taɓa cewa irin wannan aiki haramun ne.

Ga yadda abin ke kasancewa. A Fresno ta California, wasu 'yan kasuwa biyu sun yi ƙara cewa 'yan sandan da suka zo musu da sammaci sun kwashe tsabar kuɗi da tsofaffin sulalla masu daraja, suka rubuta dala 50,000 a takarda, sama da dala 225,000 kuma suka yi ɓatan dabo. Zargi ne, ba a kai ga tantance shi ba, domin a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko da gaskiya ne, sata mummunan abu ce, amma babu tsohon hukuncin da ya fayyace cewa sace kayan da aka kama da sammaci ya saɓa wa gyara na huɗu. A shekarar dai, wata kotun ɗaukaka ƙarar ta ba da kariya ga wani jami'i a jihar Georgia da ya bi wani mai laifi cikin farfajiyar gidan mutane, aka kwantar da yara a ƙasa, ya harbi karen gidan sau biyu bai same shi ba, harsashi na biyu ya shiga bayan gwiwar yaro ɗan shekara 10 da ke kwance kamar yadda aka umarce shi.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi, tun 2009 an ba alƙalai damar tsallake tambayar ko an tauye haƙƙi, su tafi kai tsaye ga cewa babu tsohon hukunci. In sun yi haka, ba a kafa sabon hukunci ba, wanda za a yi wa irin wannan gobe shi ma zai tarar babu. Sulhu ma haka yake, birni ya biya, ya rubuta cewa bai amsa laifi ba, a rufe fayil, doka tana nan inda take. Don adalci, Farfesa Joanna Schwartz ta jami'ar California a Los Angeles, wadda ta daɗe tana bin diddigin irin waɗannan ƙararraki, ta gano cewa waɗanda ake kora saboda rigar kariya kai tsaye ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Ɓarnar rigar ta fi yawa ta bayan fage. Ɗan sandan da aka hana kariya yana da damar ɗaukaka ƙara tun kafin a fara sauraren shaidu, shari'a ta yi ta jan ƙafa shekaru, lauyan da sai an ci nasara zai samu ladansa kuma ya ga gara tun farko ya ƙi karɓar aikin.

Tun ran gini ran zane

A ganina, ba a bakin ƙofa gizo ke saƙar ba. Yawancin waɗannan masifu an gama shirya su tun a kan tebur, ranar da wani ya rubuta takardar rantsuwa ya kai wa alƙali ya sa hannu. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta duba fitar dakarun SWAT, wato 'yan sanda na musamman masu manyan makamai, sama da sau 800 a 2011 da 2012, ta tarar kashi 79 cikin 100 don aiwatar da sammacin bincike ne, kashi 62 neman ƙwaya. Garkuwa da mutane da makamantansa, aikin da aka ƙirƙiro dakarun dominsa, kashi 7 ne kawai.

Kathryn Johnston tsohuwa ce 'yar shekara 92 a Atlanta. A Nuwambar 2006 ta ji ana karya ƙarafan ƙofarta da dare, ta ɗauko tsohuwar bindigarta ta yi harbi ɗaya, bai sami kowa ba. Aka mayar mata da harsashi 39. Tana kwance cikin jini aka sa mata ankwa, aka dasa tabar wiwi a gidan, sannan aka nemi wani infoma ya yi ƙaryar cewa ya taɓa sayen ƙwaya a wurin. Shi ya tona asiri. Rantsuwar da aka karɓi sammaci da ita ƙarya ce tun daga tushe. Jami'ai uku suka tafi gidan yari, birnin ya biya dala miliyan 4.9 a 2010.

Na Breonna Taylor ma haka. Bayan sha biyun dare, ranar 13 ga Maris 2020, aka ɓalle ƙofar wannan ma'aikaciyar asibiti 'yar shekara 26. 'Yan sandan sun ce sun faɗi ko su wane ne, saurayinta Kenneth Walker ya ce bugun ƙofa kawai suka ji, sun tambaya ba a amsa ba. Ya ɗauka 'yan fashi ne, ya yi harbi ɗaya da bindigarsa mai lasisi, ya sami wani jami'i a cinya. Aka buɗe wuta, harsashi 32, shida suka same ta. Ba a sami ƙwaya a gidan ba. A takardar rantsuwa an rubuta cewa jami'in gidan waya ya tabbatar tsohon saurayinta yana karɓar saƙonni ta adireshinta, kuma ba a yi haka ba. A Agustan 2022 wata jami'a, Kelly Goodlett, ta amsa laifin haɗa baki wajen shirya wannan ƙarya. Jami'ai biyun da harsashinsu ya sami Taylor ba a tuhume su ba, saboda an fara harbinsu. Wanda aka samu da laifi a kotun tarayya, Brett Hankison, shi ne ya yi harbi 10 ta taga da ƙofar gilashi masu labule bai sami kowa ba, aka yanke masa wata 33 a Yulin 2025.

A gundumar Habersham ta Georgia kuwa, a Mayun 2014, cinikin ƙwaya na dala 50 ne ya sa aka jefa gurneti mai walƙiya da ƙara cikin ɗaki da tsakar dare, ya faɗa gadon jariri ɗan wata 19, Bounkham Phonesavanh, ya fashe masa a fuska da ƙirji. Wanda ake nema ba ya gidan.

Tambayar shari'a a nan ita ce, idan ɗan sanda ne da kansa ya haddasa haɗarin, ta hanyar faɗa wa mutane cikin duhu ba izini, sannan ya yi harbi don kare kansa daga haɗarin da ya haddasa, daga ina alƙali zai fara kallo? Angel Mendez da Jennifer Garcia, tana da juna biyu a lokacin, suna barcin rana a wata bukkar katako a bayan wani gida a Lancaster ta California a 2010, jami'ai biyu suka buɗe ƙofa ba sammaci ba sallama. Mendez ya ɗaga 'yar bindigar iska da yake harbin ɓeraye da ita don ya samu ya tashi zaune. Aka yi musu harbi 15, aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Kotun farko ta ba su kusan dala miliyan 4, bisa ƙa'idar cewa wanda ya tsokano rigima ba bisa doka ba shi ke da alhakin abin da ya biyo baya. A 2017 Kotun Ƙoli ta rushe wannan ƙa'ida, ko da yake ta bar wata 'yar kafa, cewa ana iya neman diyyar raunin da shigar haramun ɗin ta jawo kai tsaye, ta nan kuma kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatar musu da kuɗin a 2018. A Mayun 2025, a shari'ar Ashtian Barnes da aka harbe cikin mota a Houston, alƙalan tara baki ɗaya suka ce kuskure ne kotu ta kalli daƙiƙa biyun ƙarshe kawai, dole a duba abin da ya gabace su. Ci gaba ne na gaske. Amma sun faɗa a fili cewa ba su taɓa tambayar ɗan sandan da ya haddasa haɗari da hannunsa ba, ita ce kuwa tambayar da duk wanda aka faɗa wa gida da dare ke jiran amsarta.

Sai maganar aljihu. Hujjar da ake kare rigar kariya da ita ita ce, in babu ita, ɗan sanda zai rasa gidansa da ɗan abin da ya tara saboda kuskuren daƙiƙa ɗaya, kowa ya guji aikin. Schwartz ta bi kuɗaɗen da aka biya tsakanin 2006 da 2011 a manyan rundunoni 44, sama da dala miliyan 730, ta tarar abin da ya fito daga aljihun jami'an kansu kashi 0.02 ne cikin 100. A kowace dala 100, santi 2. Sauran hukuma ta biya. Ban ga laifin hukuma ta tsaya wa ma'aikacinta ba, don in ba haka ba wanda aka nakasa zai ci shari'a ya tashi da takarda, albashin ɗan sanda ba zai biya kuɗin asibitin yaron Habersham ba, wanda ya kai kusan dala miliyan ɗaya. Inda na ga an bar jaki ana dukan taiki shi ne, a birane da yawa kuɗin ba daga kasafin rundunar yake fita ba, daga asusun gari ne ko inshora. Wanda ya rubuta adireshin da ba shi ba bai ji a jikinsa ba, ofishinsa bai ji ba, mai biyan haraji ne ya ji, cikinsu har da maƙwabtan wanda aka ɓalle wa ƙofa.

Gyaran da aka samu, daga ƙasa ya taso. Louisville ta haramta sammacin shiga ba sallama a Yunin 2020, sulhun da ta yi da iyalan Taylor kuma ya ƙunshi sharaɗin cewa sai babban jami'i ya duba takardar neman sammaci kafin a kai wa alƙali. Jihar Virginia ta yi irin wannan haramci a shekarar. Colorado ta buɗe hanyar ƙara a kotunan jiha inda rigar kariya ba ta aiki, ta kuma ce jami'in da hukumarsa ta samu bai yi aiki da kyakkyawar niyya ba zai biya kashi 5 cikin 100 na diyyar ko dala 25,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. New Mexico ta bi sahu wajen cire rigar kariya a kotunan jiha a 2021. Ƙudurin tarayya mai sunan George Floyd (baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a 2020), wanda zai taɓa rigar a ƙasa baki ɗaya, ya wuce Majalisar Wakilai sau biyu, ya maƙale a Majalisar Dattawa.

Wanda jami'an tarayya suka faɗa wa, nasa ya fi wuya. Kafin asubahin wata rana a Oktoban 2017, dakarun FBI suka fasa ƙofar wani gida a wajen Atlanta suka tayar da gurneti mai walƙiya. Curtrina Martin da abokin zamanta Hilliard Cliatt suka ɓuya a ma'ajiyar kaya ta banɗaki, ɗanta mai shekara 7 yana wani ɗakin shi kaɗai. Aka fizgo Cliatt aka sa masa ankwa, aka saita Martin da bindiga ba ta da cikakkiyar sutura, sai wani jami'i ya hango wasiƙa mai ɗauke da adireshin gidan, ya ga ba nan aka aiko su ba. Shugaban tawagar ya ce na'urarsa ta nuna hanya ce ta ɓatar da shi, na'urar da daga baya ya jefar. Ya dawo ya ba da haƙuri. Majalisar dokokin Amurka ta yi wa doka gyara tun 1974 don irin wannan takamaimai, bayan jami'an tarayya sun faɗa gidajen iyalai biyu da ba su ji ba ba su gani ba a Collinsville ta Illinois a 1973, ta ba da damar a yi ƙarar gwamnatin tarayya kanta. Duk da haka ƙananan kotuna suka ba shugaban tawagar rigar kariya, suka kori ƙarar da aka yi wa gwamnati. Ranar 12 ga Yunin 2025 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta ce kotun ɗaukaka ƙara ta yi kuskure, ta mayar mata da shari'ar ta sake dubawa. Jaridu sun kira shi nasara. Abin da iyalin suka samu a ranar, bayan kusan shekara takwas da fasa musu ƙofa, shi ne izinin ci gaba da neman a saurare su.